Wata Huɗu a Zaure

Wata huɗu babur ɗina na jingine a zaure,
lulluɓe da buhunan dankali,
tun ranar da aka fita da ni ranga-ranga zuwa asibiti.
Sanyin Jos ya zo, ya ci zamaninsa, ya tafi,
ruwan randa ya daina cizon yatsa,
sannan na iya sunkuyawa
ba tare da ɗinkin cikina ya yi magana ba.

Na yaye buhunan.
Zanzaro ya yi gini a bakin salansa, ciki da falo,
ko sisin haya bai biya ba.

Na ja cok, na buga kik.
Shiru.
Na sake. Tari ɗaya, irin na tsoho a sahun baya,
daga nan ko uffan.
Kubura na bakin ƙofa da kofin kokonta,
tana ƙirga mini: Baba, sha ɗaya ke nan.

Na buɗe tanki na kai hanci.
Wannan ba fetur ba ne kuma,
warinsa na tsohon fenti, launinsa na shayin jiya.
Ni na saye shi da kuɗina a Farin Gada,
lita uku, ranar da na kai kabeji na ƙarshe.
Ashe mai ma, in ya rasa inda za shi, ruɓewa yake.

Na zare tiyo, na tara galan.
Ya zubo da ƙyar, kamar mai biyan tsohon bashi,
a ƙarshensa ruwa, da garin tsatsa ja wur.
Na zuba sabo rabin kwalba,
na girgiza tankin kamar mai kaɗa nono,
na zubar, na sake, har ya fito fes.

Sai kafireta.
Kubura ta ɗauko murfin tukunyar uwarta,
muka jera sukurori a kai,
ita ce ma'aji, ba ta yarda ko wasa ɗaya ta gangara ba.
A cikin 'yar kwanon ƙasa, wani kore-kore ya daskare
kamar miyar kuka da ta kwana.
Na kwance jet, ɗan ƙarfe bai kai ƙwayar wake ba,
na ɗaga shi sama na rufe ido ɗaya:
babu rana a cikinsa.

Na ce a miƙo mini allura.
Dalyop ya leƙo ta katanga, sifana a aljihun baya:
Kul! Allura za ta faɗaɗa ramin,
ya riƙa shan mai kamar raƙumi.
Ya tsinko sili ɗaya daga tsohuwar wayar birki,
ya ce, a hankali, maigida, ba rijiya kake haƙa ba.

Na tura. Na hura. Na sake ɗagawa.
Ga ta nan,
rana guda cur ta ratso ta ƙofar da ba ta kai ta allura ba.

Na daɗe ina kallo.
Ni ma abin da ya kwantar da ni bai fi haka ba,
likita ya nuna mini shi a cikin kwalba,
na ce: ɗan wannan?
Ya ce: ɗan wannan.

Muka mayar da komai mazauninsa.
Sukuru ɗaya ya rage a kan murfi,
muka duba juna mu uku, Dalyop ya jefa shi aljihu.
Na goge filogi da gefen riga, na buɗe famfon mai,
na jira ƙwaryar ta cika.

Bugu ɗaya, tari.
Bugu biyu, gunaguni.
Na uku ya ɗauka da ƙara,
ginin zanzaro ya tarwatse a bango,
hayaƙi shuɗi ya cika zaure, kaji suka watse,
uwar Kubura na kiran murfin tukunyarta daga ciki.

Ban hau ba. Likita ya ce sai bayan sati biyu.
Na dai zauna a kan turmi,
na ɗora tafina a kan tanki,
ina jin ɗumi na hawowa.